Noman Kayan Miya Ba Tare da Ƙasa Ba: Amsa ga Wata Ƙungiyar Mata a Gombe

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu adashi a cikin garin Gombe. Mun ga bidiyo a waya ana noman latas da tumatir a cikin bututun roba, babu ƙasa ko ƙanƙani, an ce sunansa haidurofonik. Mun tara ɗan kuɗi, kuma mai unguwarmu ya yi mana alkawarin fili. Shin wannan noma zai rage mana wahalar abinci a gidajenmu, kuma ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara haɗa kanku. Wannan noma zai taimaki tukunyar miya, amma ba zai cika rumbu ba, kuma wajibi ne mambobinku su ji wannan magana tun kafin a taɓa kuɗin adashi. Idan an ɗauke shi a matsayin hanyar samun ɗanyen ganye da kayan miya a tsakar gida, tare da ɗan cinikin da zai riƙe aikin, to abu ne mai yiwuwa a Gombe, muddin ba irin na bidiyon kuka fara da shi ba.

Asalin hikimar ita ce tsiro ba ya cin ƙasa. Abin da ƙasa take yi masa shi ne ta riƙe shi tsaye, ta ajiye masa ruwa da iska, sannan ta sakar masa sinadaran da suka narke cikin ruwan. Idan aka samu wani abu da zai riƙe saiwa, aka kuma narka waɗannan sinadarai a ruwa gwargwadon bukata, tsiro zai girma bai san an raba shi da ƙasa ba. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka shi ya yaɗa sunan haidurofonik a 1937, kuma a 1938 wasu masana biyu na jami'ar, Hoagland da Arnon, suka wallafa haɗin sinadaran da har yau ake kwaikwayo. Wato ilimin ya kusa shekara casa'in, bututun roba da bidiyon ne kawai sababbi.

Dalilin da ya sa na ce ba zai cika rumbu ba lissafi ne mai sauƙi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa akwatin shuka mai faɗin murabba'in mita ɗaya, idan ya samu kulawa, zai ba da tumatir kimanin kilo 30 a shekara, ko gindin latas 36 a duk kwana 60, ko kabeji 10 a kwana 90. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwargida. To amma ƙarfin da jiki zai samu daga tumatir kilo 30 bai wuce wanda ke cikin gero kilo ɗaya da rabi ba, wato abincin babban mutum na kwana biyu zuwa uku. Gero da dawa da masara da shinkafa da wake, waɗanda su ne ke kashe yunwa, suna son fili mai faɗi da ruwan sama kyauta, kuma duk wanda ya ce muku zai noma su a bututu ya ci riba, ku nemi ya nuna muku littafin lissafinsa. Sai dai wadatar abinci ba tuwo kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum, kuma mun san gidaje da yawa a nan ba sa kaiwa ko kusa, musamman daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina lokacin da kayan gwari ke tsada har a koma kuka da busasshiyar kuɓewa. Ƙarancin jini ga masu juna biyu da rashin girman yara suna da alaƙa da wannan giɓi, kuma shi ne giɓin da akwatin alayyahu a tsakar gida zai iya toshewa.

Akwai kuma batun wanda ya dace ya yi shi. Mutumin Dadin Kowa ko Kwadon ko Balanga, wanda yake da ƙasa mai kyau ga ruwa kusa, ba shi da hujjar barin noman rani ya koma bokiti, domin ƙasa ta fi arha kuma ta fi yafe kuskure. Wanda ke da hujja shi ne irinku, mazauna Bolari ko Pantami ko Jekadafari, inda gidaje suka haɗe, tsakar gida siminti ne, ragowar filin kuma zaizayar ƙasa tana cinsa. Haka nan mutanen wasu yankunan Akko da Kwami da Dukku, inda ruwan ƙasa yake da nisa ƙwarai har haƙa rijiyar burtsatse ta zama babban aiki. A irin waɗannan wurare ruwa kuɗi ne, ana sayensa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, kuma akwatin da ba ya barin ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa yana rayuwa da kimanin lita 3 a rana a murabba'in mita, ko ɗan fiye da haka idan zafi ya tsananta.

Bututun da kuka gani a bidiyo tsari ne da aka ƙirƙira a Ingila, inda ruwa mara kauri yake gudana a ƙarƙashin saiwoyi dare da rana da ƙarfin injin turo ruwa. Kyansa a ido ba ya misaltuwa, amma ransa yana hannun wutar lantarki. Na taɓa kafa irinsa a wani fili shekarun baya, bututu takwas cike da latas da ya rage mako ɗaya a cire. Wata rana a watan Maris wuta ta ɗauke da hantsi, yaron da ke kula da wurin ya tafi neman man janareta, kafin azahar ganyen duk ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, na taɓa bututun na ji shi da zafi kamar murfin tukunya. Babu ƙasar da za ta riƙe danshi ko na sa'a biyu, shi ya sa asarar take zuwa gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, dogaro da janareta ya zama hanyar cinye jari. Sola tana magance wannan, amma faranti da batir da inji za su lashe kuɗin da ya isa a kafa wa kowace mamba akwatuna biyu.

Abin da nake ba ku shawara shi ne tsarin da aka gwada a Dakar ta ƙasar Senegal, inda FAO ta shigo da ƙananan lambunan tebur a 1999, kuma mata ne suka fi rungumarsa. Dakar ma gari ne mai cunkoso, kuma abin da suka zuba a madadin ƙasa shi ne ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, abubuwan da muke zubarwa ko ƙonawa a bayan injinan casa. Ana haɗa akwatin katako mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, zurfinsa santimita 12 zuwa 15 don ganye, a ɗora shi kan ƙafafu daidai ƙugu saboda kaji da ciwon baya. A shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ciki ba tare da ta huje ba, sai a huda gefe ɗaya kamar yatsa biyu daga ƙasan akwatin, a sa ɗan guntun tiyo, a ajiye roba a ƙarƙashinsa don tarar ruwan da ya yi rara a mayar washegari. Buntun ba a zuba shi ɗanye. Ana jiƙa shi kimanin mako biyu ana juyawa, har ragowar shinkafar da ke ciki ta tsiro ta mutu, warin tsami ya fita, sannan a wanke shi a gauraya da yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa wanda aka wanke har ruwansa ya daina yin ja. Rabi da rabi yana aiki. Gwajinsa a hannu yake: idan kika damƙi haɗin bayan an jiƙa, ya kamata ki ji danshi a tafinki amma ruwa bai zubo ta tsakanin yatsu ba, kuma idan kika buɗe hannun ya wargaje. Wanda ya dunƙule kamar ƙullun fura ya cika laushi, zai shaƙe saiwa.

Akwai kuma hanyar bokiti da wani masani na Jami'ar Hawai mai suna Kratky ya shahara da ita, wadda ba ta bukatar inji ko kaɗan. Ana cika roba mai murfi da ruwan sinadari, a huda murfin a zaunar da ɗan kofi mai huji ɗauke da dashe, gindinsa yana ɗan taɓa ruwan. Yayin da tsiron ke sha, ruwan yana sauka, saiwoyin sama suna zama masu shaƙar iska, na ƙasa suna bin ruwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tausayi: a ga ruwa ya yi ƙasa a cika robar har baki, saiwoyin iska su nutse, tsiron ya mutu cikin kwana biyu alhali yana tsakiyar ruwa. Idan za a ƙara, kada a wuce rabin robar. A rufe ta ruf, domin haske yana haifar da gansakuka, ƙofa kuma tana gayyatar sauro, kuma ba ma son lambun da zai kawo zazzaɓi gida.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya, wato abincin tsiron. Buntu da yashi ba su da komai a cikinsu, don haka duk abin da tsiro ke bukata sai an ba shi a ruwa: naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, maganiziyam, salfa, da ƙanana irin su sinadarin ƙarfe da zinki da boron. Takin buhu da muka sani, NPK 15-15-15 da yuriya, an yi su ne don ƙasa. Ba sa ɗauke da cikon sinadaran, NPK ba ya narkewa tas, yuriya kuma sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin tsiro ya amfana sosai. Wanda ya jiƙa su a bokiti zai ga ganye ya yi kore na mako biyu, daga nan sabon toho ya fara fitowa rawaya, gindin tumatir ya riƙa yin baƙi yana ruɓewa saboda rashin kalsiyam. Abin da ake bukata shi ne taki mai narkewa da aka haɗa don wannan noma, kuma yana zuwa kashi biyu, A da B. Dalilin rabawar shi ne idan kalsiyam mai kauri ya haɗu da salfa ko fosfaras mai kauri, sai su dunƙule su kwanta a gindin jarka kamar alli, tsiro kuma ba ya cin alli. Saboda haka jarka biyu ake ajiyewa, a auna na farko a zuba cikin ruwa mai yawa a motsa, sannan a auna na biyu. A akwatin buntu ana ba da ruwan sinadari kwana shida da safe, a rana ta bakwai a zuba ruwa zalla mai yawa don ya wanke gishirin da ya taru.

Ruwan kansa sai an san halinsa. Kowace mai girki ta san yadda ɗan jiƙon kanwa ke kashe tsamin yakuwa. To ruwa ma yana karkata ko dai wajen tsami ko wajen kanwa, kuma ma'aunin wannan shi ake rubutawa pH. Tsiro ya fi cin abincinsa idan ma'aunin yana tsakanin 5.5 da 6.5, wato ɗan tsami kaɗan. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana karkata wajen kanwa, kuma idan ya haura 7 sinadarin ƙarfe yana nan cikin ruwan amma tsiron ba ya iya ɗauka. Na'ura ta biyu, mai auna kaurin gishiri da ake rubutawa EC, ita ke faɗa miki ko haɗin ya yi ƙarfi: latas yana son 1.2 zuwa 1.8, tumatir mai 'ya'ya yana son 2 zuwa 3.5. Na'urar awon pH da ta EC dukansu biyu girman alƙalami ne. Ruwan famfo da aka sa wa kulorin a bar shi ya kwana a buɗe kafin a haɗa, ruwan sama da aka tara daga kwano kuwa shi ne mafi kyau idan an zubar da na farkon da ya wanko ƙura.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu, kuma bidiyoyin da ake ɗauka a ƙasashe masu sanyi ba sa maganarsa. Saiwa ta fi jin daɗi idan ruwa yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, kuma idan ya kusa digiri 30 cutar ruɓewar saiwa tana samun ƙofa. Lafiyayyar saiwa fara ce tas mai ƙamshin ɗanyen ganye, mai ciwo kuwa tana komawa ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, fatarta ta saɓule idan aka ja. A Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kaiwa digiri 40, baƙar roba a rana tana dafa abin da ke cikinta. A shafa wa robobi farin fenti, ko a naɗe su da buhun algarara a riƙa jiƙawa, ko a binne rabinsu a ƙasa. Kada ku yarda a sayar muku da ɗakin leda rufaffe irin na Turai, domin su ɗumi suke nema, mu kuwa inuwa da iska muke nema. Rumfa mai tsayi da ragar inuwa a sama da ragar ƙwari a gefe ta wadatar. Ragar ƙwarin tana da wani amfani, domin tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta yi ɓarna a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016, ba ta damu ko a ƙasa aka shuka ko a bokiti ba.

Wannan ya sa zaɓen abin shukawa ya bi yanayi. Latas da kabeji da lansir na hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafi ya shigo latas yakan yi tsiri ya yi ɗaci. Alayyahu da rama da lalo da yakuwa da na'ana'a suna jure zafinmu, kuma alayyahu yana isa yanka cikin mako huɗu zuwa biyar, a yanka ya sake tohowa. Tumatir da attaruhu da kokwamba su ne masu kuɗi, amma ku bar su sai zagaye na biyu, a buhu ko bokiti mai zurfi, domin gindin tumatir ɗaya yana shan lita 2 zuwa 3 a rana mai zafi, kuma furensa yana zubewa idan rana ta wuce misali.

Tun da yawancin mata suna da ɗan kiwo, za a kawo muku maganar tsirar da hatsi a faranti don dabbobi. Gaskiya ne Shirin Abinci na Duniya ya yi amfani da wannan dabara da sha'ir a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke Tinduf a Aljeriya, inda babu ciyawa ko ɗaya, kuma kilo ɗaya na hatsi yana zama kilo biyar ko fiye na tsiro cikin mako guda. Amma yawancin ƙarin nauyin ruwa ne, kuma a wurin da ake samun harawa da dusa lissafin ba ya cika fita. Idan za ku gwada, ku yi da masara, ku zubar da duk farantin da ya yi fumfuna, kuma kada ku kuskura ku tsirar da dawa, domin ƙaramin tsironta yana ɗauke da guba mai kashe dabba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa.

Sai batun ƙungiya, wanda a ganina ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Na ga lambunan haɗaka da dama sun mutu, kuma kusan hanya ɗaya suke bi: a kafa babban wuri guda, a yi bikin buɗewa, a raba ranakun ban ruwa, sai ranar wata ta faɗo kan suna ko rasuwa, ta ɗauka wata za ta je, tsiro kuwa ba ya jiran uzuri. Bayan wata uku sinadarin da aka fara da shi ya ƙare, babu wanda ya ware kuɗin sayen wani. Saboda haka ku raba aikin gida biyu. Akwatuna su zauna a gidajen mambobi, kowace ta san nata ne, ita ke ci ita ke asara, kuma wannan ya dace da matan da ba su cika fita ba. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya shi za a haɗa: sayen sinadari da sari, na'urorin awo, rainon iri, da neman kasuwa. Filin da mai unguwa ya yi muku alkawari ya zama wurin rainon dashe da haɗa sinadari da koyarwa, a kewaye shi saboda awaki, kuma a rubuta yarjejeniyar aron filin da shaidu, domin fili mara amfani ba shi da mai shi sai ranar da ya yi kore.

Ku zaɓi mata biyu ko uku masu karatu da natsuwa, ba ɗaya ba, su koyi awo da haɗi, saboda aure ko tafiya kada su tafi da ilimin. Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya tana nan Dadin Kowa kusa da ku, ga malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, kuma ƙungiya mai rajista da wasiƙa a hannu ta fi mutum ɗaya samun kunnen da zai saurare ta. Kada a raba ruwan sinadari kyauta ko ga shugaba. Kowace lita a sa mata kuɗi kaɗan sama da abin da aka kashe, a zuba a asusu dabam da na adashi, domin yawancin wannan taki daga waje ake shigo da shi kuma farashinsa yana bin dala. Jarkokin sinadari mai kauri su zauna a kulle da rubutu a jikinsu, kada a taɓa ɗura shi a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne, kuma kada a shuka abinci a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko man inji komai wankin da aka yi mata.

Wajen sayarwa kada ku yi gasa da lambun fadama a Janairu da Fabrairu, lokacin da kaya ke zube a kasuwa, domin za ku faɗi. Ribarku tana cikin unguwa: maƙwabciyar da ke son alayyahun da aka yanka yanzu, mai sayar da abinci da ke son ganye mara yashi kowace safiya, da masu haɗa salak na biki da na azumi.

Idan ni ne ku, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka tara kawai zan taɓa a karon farko. A zaɓi gidaje biyar ko shida masu samun rana ta aƙalla sa'a biyar, kowane gida akwati biyu, a jiƙa buntu a farkon Oktoba lokacin da ruwa ke ɗaukewa, a yi dashe a Nuwamba da latas a ɗaya da alayyahu a ɗaya. Ke sakatariya ki buɗe littafi mai shafi ga kowane gida, ki riƙa rubuta litar ruwa da ta sinadari da aka sha, da nauyin abin da aka yanka, da wanda aka ci da wanda aka sayar, har da abin da ya mutu da ranar da ya mutu. Kada ku yanke hukuncin faɗaɗawa da amfanin hunturu, domin a sanyi kowa gwani ne. Ku ci gaba da alayyahu da rama har ƙarshen Afrilu, sannan ku zauna da littafin a taron wata, ku ga gidajen da akwatunansu suka tsallake bazara da abin da suka yi dabam, a kan wannan za a ƙayyade yawan akwatunan zagaye na biyu da kuɗin litar sinadari.